Gwaninka ya fi nawa, to wa ya rubuta labarin?



Maganarmu ta wannan makon ba za ta yi wa kowa daɗi ba, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wasu daga cikin masu kiran kansu marubuta sun ajiye alƙalami sun zama 'yan amshin shatan jaruman Kannywood. Daga Kano har nan Bena, a majalisa, a shagon caji, a Facebook da TikTok, musun ɗaya ne: wane ya fi wane, wance ta fi wance kyau, motar wane ta fi tsada. Mai kallo ya yi wannan musu, ba laifi, nishaɗinsa ne. Marubuci ya shiga ciki yana zage-zage, kansa yake yi wa ɓarna.

Ku tuna 2019, lokacin da saɓanin Ali Nuhu da Adam A. Zango ya kai gaban kotu a Kano kafin a sasanta su. Masoya suka rabu gida biyu, aka yi ta zagin iyayen juna. Manyan suka shirya, 'yan kanzagi suka tashi da zunubi. Ku tuna Oktoban 2016, da ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda fitowa a bidiyon waƙar ClassiQ. Kowa ya zama alƙali, masu tsinuwa da masu karewa. A duk wannan hayaniya, mutum nawa suka zauna suka ɗauki fim ɗaya na waɗannan mutane suka ce ga inda labari ya tsaya da ƙafarsa, ga inda ya karye? Surutun duk a kan mutum ne, an bar aikin.

Abin takaicin shi ne wannan masana'anta da alƙalami ta tashi. Bayan Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, littattafan marubuta ne suka ba finafinan farko ƙarfi. In Da So Da Ƙauna littafin Ado Ahmad Gidan Dabino ne kafin ya zama fim. Alhaki Kwikwiyo na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ne. Tun kafin su, Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa aka ɗauko shi. Yau kuma a tambayi mai kallon Daɗin Kowa, zai lissafo 'yan wasan unguwar kaf, har da sunayensu na gaskiya. A tambaye shi Fauziyya D. Sulaiman ko Nazir Adam Salih, sai ya yi shiru. Idan marubuci mai tasowa ma bai san su ba, wa zai san shi ranar da nasa labarin ya fita?

A nan gizo ke saƙar. Muddin jama'a suka yarda cewa fuskar jarumi ce kaɗai fim, furodusa zai zuba kuɗinsa a kan fuskar, ya miƙa wa marubuci abin da ya rage. Duk marubucin da ya ƙara murya a wannan ihu, farashin aikinsa yake karyawa da hannunsa.

Za a ce mana ai masoya su ne kasuwa, kuma labari komai kyansa sai da ɗan wasan da zai busa masa rai. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Za a kuma kawo mana marigayi Rabilu Musa Ibro, a ce shi ba ya buƙatar takarda, bakinsa kaɗai ya isa. To a tsaya a kan Ibro ɗin, domin shi ne babbar hujjarmu.

Da ransa, da yawa cikin 'yan boko sun raina finafinansa, suna kiransu camama. Masoyansa kuma dariya kawai suke yi su wuce. A 2008, zamanin da Abubakar Rabo ke shugabantar Hukumar Tace Finafinai ta Kano, kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure shi wata biyu a kan fim ɗin Ibro Aloko, shi da ya taɓa yin aikin gandiroba. Da ya rasu a Disamban 2014, sai kowa ya ce an yi rashin da ba a mayarwa. To mene ne ainihin abin da ba a mayarwa? Yadda yake ɗaukar ɗan sanda, mai gari, attajiri ko ɗan ƙauyen da ya shigo birni ya fito da halinsu cikin 'yan kalmomi? Yadda yake jinkirta magana har sai mai kallo ya ƙosa sannan ya saki? Yadda yake kama abin da ke yayi a gari ya juya shi? Wannan darasi ne na gina tauraro da sarrafa zance, kuma marubuci ne ya kamata ya tsince shi. Masoyi zai ce "Ibro gwani ne" ya tsaya nan. Marubuci dole ya faɗi ta yaya.

Mu nan ƙasar Zuru muna da ƙarin dalili. Manomin Danko-Wasagu da ya bar gonarsa saboda 'yan bindiga, matar da ta yi gudun hijira da yara a hannu, zaman Bahaushe da Dakarkari da Bafulatani a kasuwa ɗaya, bikin Uhola: wane jarumi ne zai taso daga Kano ya rubuta mana waɗannan? Babu. Idan ɗan Bena mai alƙalami ya ƙarar da datarsa wajen kare auren wata jaruma ko sakinta, labarin garinsa zai mutu a bakin tsofaffi.

Ba mu ce kowa ya daina son gwaninsa ba. Abin da muke nema kaɗan ne. Idan za ka yabi fim, fara da sunan wanda ya rubuta shi. Idan za ka soki ɗan wasa, kawo fitowar da ya gaza, ka bar gidansa da iyalinsa. Kafin ka yaɗa jita-jita a kan wani, ka tuna gobe kai ma sunanka zai fita, kuma abin da ka shuka shi za ka girba.

Ga aikin wannan makon: kowa ya zaɓi fitowa ɗaya daga fim ɗin barkwanci da yake so, na Ibro ne, na Bosho ne, ko na Samanja, ya rubuta mana layi goma a kan abin da ya sa ta ba da dariya. Ba a yarda da "ya burge ni" ba. A kawo dalili.

Allah ya yi wa alƙalumanmu albarka, ya jiƙan magabatanmu.