Jar ƙwayar awo da kofin shayi

Uwargida, wata mai juna biyu ta rubuto mini cewa ta daina shan maganin ƙarin jinin da aka ba ta wajen awo, wai bayan gidanta ya koma baƙi. 'Yar'uwa, ki koma kan maganinki, aikin sinadarin ayon ne, ba cuta ba ce.

Ni masu kora ƙwayar da shayi ne suka fi damuna. Shayi yana hana jiki tsotse ayon ɗin. Ki ba da tazarar awa 2, ki kora da ruwa ko lemon zaƙi. In tana tayar miki da zuciya, sha bayan abinci.

Ki kuma ɓoye ta, don alewa ce a idon yara. Yaron da ya haɗiye da yawa, a garzaya asibiti da shi ko da yana wasansa.