Kyamara Mai Juyawa: A Hannun Wa Linzaminta Yake?



Tun da satar mutane ta addabi yankin nan namu, daga Tsafe da 'Yandoto zuwa Gusau har Bunguɗu, balle bayan kwashe ɗalibai sama da 20 na Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka yi a Sabon Gida a watan Satumba na 2023, maganar kyamarar tsaro ta shiga bakin masu makarantu da gidajen mai da kwamitocin masallatai. Wadda aka fi sha'awa kuwa ita ce mai juyawar nan, wadda daga zaune za ka sa ta waiga dama ko hagu, ta ɗaga kai ko ta sunkuya, ta kuma jawo abin da ke nesa har ya zama kamar a gabanka yake. Da yake dattawanmu ba su saba da irin waɗannan na'urori ba, mu matasa ake miƙa wa linzamin. To, lallai ne mu san abin da muka karɓa.

Hanya biyu ake sarrafa ta. Ta farko ita ce haɗin cikin gida: a jawo waya daga kyamara zuwa akwatin rarraba layi, daga nan zuwa rikoda da allon kallo ko kwamfuta, duk a cikin harabar wurin. Wayar nan tana kai mita 100, kuma tana iya ɗaukar hoto da wuta tare. Kowace kyamara tana da lambar adireshinta, ta nan ake aika mata umarni. Babu ruwan wannan tsari da intanet. Ta biyu kuwa ita ce a haɗa ta da manhajar wayar hannu, inda umarninka zai fita ta intanet ya bi ta na'urorin kamfanin da ya ƙera ta, sau da yawa a wata ƙasa, kafin ya dawo kan kyamarar da ke bisa katangarka.

Ra'ayina shi ne a tsaya a kan ta farko. Duk Bazamfare bai manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a jihar nan baki ɗaya. Gusau ta yi kusan wata guda, su Tsafe kuwa sun haura wata biyu babu sabis. A irin wannan hali, wanda ke leƙa kyamararsa ta intanet daga nesa ya zama makaho, alhali mai haɗin cikin gida, muddin yana da sola da batir, yana nan yana juya abarsa. Abin tsaron da zai mutu ranar da aka fi bukatarsa, ina amfaninsa?

Sannan duk ƙofar da ka buɗe don ka leƙo daga nesa, wani ma zai iya leƙowa ta nan. A 2014 an gano wani shafin intanet mai suna Insecam yana nuna hotunan kyamarori sama da 73,000 na ƙasashe daban-daban kai tsaye, saboda kawai masu su ba su canza kalmar sirrin da suka zo da ita daga kamfani ba. A nan kuwa, inda kowa ya san ɓarnar da infoma ke yi, wanda ya sami kalmar sirrinka zai san lokacin da maigadi ke barci, kuma yana iya kautar da kyamarar ta kalli bango a daren da za a shigo.

Amma 'yan uwa, ko an toshe na waje, saura na ciki, wato ni da kai. Gidajenmu tsakar gida a buɗe take, makewayi da yawa babu rufi, iyayenmu mata da ƙannenmu suna harkokinsu ne bisa amincewar katanga ta suturce su. Kyamarar da aka ɗora bisa hasumiya ko dogon ƙarfe, mai jawo abu ninki 25 ko fiye, ta rushe wannan katanga ba tare da ta taɓa bulo ko ɗaya ba. Saurayi shi kaɗai da dare, da linzami a hannu, ba mai ganinsa sai Allah, wallahi wannan jarrabawa ce babba. Mun karanta a Islamiyya yadda Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, da yadda aka wajabta neman izini kafin shiga gidan wani. Leƙe ta gilashi bai fita daga hukuncin leƙe ba.

Wani zai ce idan babu intanet, mai wurin ba zai ga komai ba in ya yi tafiya. Gaskiya ne. Sai dai wanda ke Kano yana kallon ana haura katanga a Tsafe, me zai iya yi? Maigadin da ke gaban allo shi ne zai tada mutane cikin 'yan mintocin da ake da su. Kyamara ba ta tare harsashi, gargaɗi kawai take bayarwa.

Saboda haka duk wanda aka ba wannan aiki ya yi abu huɗu. Ya canza kalmar sirri tun ranar farko. Ya ƙayyade iyakar juyawarta, ya kuma sa tabon rufewa a kan gidajen maƙwabta, domin mafi yawansu suna da wannan tsari a ciki. Ya kira maƙwabtan su ga allon da idonsu, su tabbatar abin da take gani. Sannan a ajiye allon a fili inda mutum biyu ko uku ke zama, kowa da kalmar shigarsa, yadda za a san wanda ya juya ta da lokacin da ya juya.

Wanda ya san ba zai iya riƙe idonsa ba, ya mayar da linzamin tun da girma da arziki. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya dawo mana da zaman lafiya.

Wassalam.