Kafin a Ƙara Kuɗin Makamai, a Tambayi Kwamandan da Ke Bakin Daga

Duk lokacin da aka afka wa wani sansanin soja aka kashe mana dakaru, magana ɗaya ce ke fitowa daga bakin 'yan siyasa da masu sharhi a rediyo, har da mu talakawa a majalisun unguwa: a ƙara wa sojoji kuɗi, a sayo musu makamai na zamani. Manyan hafsoshi kuma suna da tasu aƙidar, wadda ba su cika furtawa ba amma da ita suke aiki: tsara abin da za a saya hurumin hedikwata ne, kwamandan fagen fama aikinsa ya karɓi abin da aka aiko masa ya shiga daji, idan ya yi ƙorafi ya saɓa ɗa'ar soja. Waɗannan ra'ayoyi biyu sun ci mana rayuka masu yawa. Ciwon da ke damun sayen makamai a Najeriya yana wurin wanda ke rubuta jerin buƙatu, kuma muddin mutumin da ake harbi ba shi da hannu a wannan jeri, ƙarin kuɗi ƙarin asara ne.

Kuɗi kam an kashe. A watan Disamba na 2017 gwamnoni suka amince a ciri dala biliyan ɗaya daga asusun rarar man fetur domin yaƙi da Boko Haram. Daga ciki aka biya dala miliyan 496 na jiragen Super Tucano 12, waɗanda ba su iso ba sai 2021. A watan Maris na 2021 ne mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro na lokacin, Babagana Monguno, ya shaida wa Sashen Hausa na BBC cewa sababbin hafsoshin tsaro ba su tarar da makaman da aka ware wa kuɗi ba, ko da yake ofishinsa ya ce daga baya ba a fahimce shi daidai ba. Kafin nan an yi badaƙalar dala biliyan 2.1 da aka gurfanar da magabacinsa, Sambo Dasuki, a kanta, zargin da ya musanta.

A binciken kwamitin da Shugaba Muhammadu Buhari ya kafa a 2015 kan sayen makamai akwai abin da ya fi ba ni takaici. Kwamitin ya ce an ba da shawarar sayen jirage masu saukar ungulu samfurin Mi-35M, sai aka sayo tsofaffin Mi-24V guda biyu a kan kusan dala miliyan 137, kuma a lokacin da aka kawo su ba su da lafiyar tashi. Ke nan an san abin da ake buƙata, an kuma rubuta shi, amma wani da ke zaune a ofis ya sauya shi da abin da ya fi yi wa ɗan kwangila daɗi. A lokacin, dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta keɓe kayan tsaro daga ƙa'idojinta sai in shugaban ƙasa ya ba da izini. An yi haka ne don sirri, amma sirrin ya wayi gari yana kare ɗan kwangila fiye da yadda yake kare soja.

To, ina makomar waɗanda suka buɗe baki? A watan Mayu na 2014 sojoji suka buɗe wa motar kwamandan Runduna ta 7 wuta a barikin Maimalari da ke Maiduguri, bayan an kawo gawarwakin abokan aikinsu. A Disamba na shekarar kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa saboda ƙin fita yaƙi, alhali hujjarsu ita ce ba a ba su kayan faɗa ba. Daga baya aka mayar da hukuncin ɗaurin shekara 10. Bore laifi ne, ba na kare shi. Amma a Maris na 2020 ba ƙaramin soja ne ya yi magana ba. Manjo Janar Olusegun Adeniyi ne, kwamandan rundunar Lafiya Dole gaba ɗayanta, aka gani a bidiyo yana bayyana irin ruwan rokoki da bama-baman da maƙiya ke yi wa dakarunsa da yadda motocinsu suka lalace. Aka cire shi, kotun soja ta same shi da laifin karya dokar amfani da kafofin sada zumunta, ta rage masa shekara uku na girman muƙami. Darasin da kowane kwamanda ya ɗauka a nan a fili yake: yi shiru ka tsira da muƙaminka.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kwamandan da ya yi damina a Sambisa ya san motar da ke kafewa a laka. Wanda ke tsibiran Tafkin Chadi ya san jirgin ruwan da zai iya ratsa ciyawa da ruwa marar zurfi. Wanda ke dazukan Zamfara ya san ba a bin ɗan bindiga mai babur da tankar yaƙi. Wanda ke raka matafiya a hanyar Damboa ya san na'urar gano bam ta fi masa igwa amfani. Abin da waɗannan mutane ke nema sau da yawa ba shi da ƙayatarwa: kayan gyara, tayoyi, batur, rediyon sadarwa da ba ya yankewa, tabarau na gani da dare, motar ɗaukar wanda ya ji rauni. Ba a gayyatar 'yan jarida bikin ƙaddamar da kayan gyara, kuma la'adarsu ba ta kai ta jirgi ba. Shi ya sa suke ƙarshen jeri.

Wannan cuta ta taɓa manyan ƙasashe ma. A Fabrairu na 2005 kwamandojin sojan kundumbala na Amurka da ke Iraƙi suka aika buƙatar gaggawa ta motoci 1,169 masu jure bam, waɗanda ake kira MRAP. Ƙasan motar mai tsini ne, yana watsa ƙarfin fashewa gefe maimakon ya shiga cikinta. Takardar ta maƙale a ofisoshi, sojoji suna ta mutuwa a cikin motocin Humvee, har sai da Robert Gates ya zama sakataren tsaro ya sa motocin a kan gaba a Mayu na 2007. A Birtaniya ma, rahoton Chilcot na 2016 kan yaƙin Iraƙi ya ce ma'aikatar tsaro ta yi jinkirin fuskantar barazanar bama-baman gefen hanya, kuma ba a fayyace wanda ke da alhakin gano giɓin kayan aiki ba.

Masu kare tsarin da muke kai za su ce kwamanda yaƙin yau kawai yake gani, alhali jirgin da aka saya zai yi shekara 30 yana aiki. Suna da hujja. Amurka ta kashe fiye da dala biliyan 40 a kan MRAP, da yaƙin ya lafa ta rasa inda za ta kai su, wasu aka yanka su a matsayin ƙarafa, wasu aka rabar, har Najeriya ta samu 24 a 2016. Za su ƙara da cewa kwamandoji ma ba mala'iku ba ne. Wannan ma gaskiya ne. Amma ba wanda ya ce a miƙa wa kwamanda kwangila ko a bar shi ya zaɓi kamfani. Nasa shi ne ya faɗi matsalar: abin da ke kashe yaransa, da abin da kayan da za a kawo dole su iya yi. Injiniyoyi da masu kasafi su nemo amsa. Tsarin dogon zango ya zauna a hedikwata, amma buƙatar yaƙin da ake ciki ta fito daga inda ake yin sa. Asarar motar da ta yi rara ba ta kai asarar sojan da ya mutu yana jiran ta ba.

Gyaran ba ya buƙatar sabon rance. A buɗe hanyar buƙatar gaggawa da kwamandan fage zai rubuta kai tsaye, a ware mata kaso na dabam a kasafin tsaro, a kuma sa wa'adin da dole a ba shi amsa a rubuce, da sunan wanda ya ƙi da dalilinsa. Kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai rundunar da za ta yi amfani da kayan ta gwada su a ƙasar da za a yi yaƙin ta sa hannu. Kowace kwangila ta zo da kayan gyara da horar da makanikai. Kwamitocin tsaro na Majalisar Tarayya su riƙa ganin waɗannan takardu a zaman sirri, su kuma saurari kwamandojin fage ba tare da shugabanninsu suna zaune a gefe ba. A kuma haramta hukunta hafsan da ya kai kukansa ta wannan hanya.

Ga 'yan majalisarmu na Borno, Yobe, Zamfara, Katsina, Sakkwato da Neja, waɗanda mazaɓunsu ne filin wannan yaƙi: idan kasafin tsaro ya zo gabanku, kada ku tsaya a kan nawa ne. Ku nemi a nuna muku abin da kwamandojin fage suka roƙa, da abin da aka ba su, da wanda ya yanke bambancin. Idan ba a kawo takardun ba, kada ku sa hannu.