Sikeli Ba Ya Ganin Jijiya

A birnin Perth na Ostireliya, wani bincike da aka wallafa a 2004 ya sa matasa masu ƙiba motsa jiki na mako 8. Da suka hau sikeli, nauyi yana nan daram. Amma kitsen ciki ya ragu, na'urar da aka ɗora a damtsensu kuma ta nuna jijiyar jini ta koma buɗewa yadda ya kamata.

Wannan buɗewar tana cikin abubuwan da ƙiba ke fara lalatawa, tun kafin hawan jini ya bayyana.

Shi ya sa iyayen da ke goranta wa yaro teɓa, har ya yi zuciya ya daina fita ƙwallo, suke ƙara masa illa. Gara su rage masa lemon kwalba, su bar shi ya yi gumi a fili.