Ɗan kasuwar Gaya da kwandon hannayen jari

Da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil a shekarar 2023, ƴan kasuwar garin sun ɗanɗana kuɗar dogara da hanya guda. Shi ya sa asusun da ke bin ma'aunin kasuwar hannun jari, wato kwando ɗaya mai ƙunshe da hannayen kamfanoni da dama, ya cancanci kulawar sabon shiga. Sai dai kwando ya fi kwando.

Da fari, a leƙa cikinsa. A kasuwar Legas, asusun Vetiva Griffin 30 na bin manyan kamfanoni 30, har da bankuna. Na Lotus Halal kuwa na kauce wa masu harka da kuɗin ruwa, giya da caca.

Na biyu, dukansu da naira suke. Dalar Amurka da ke wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Ma'aikacin da ke lissafi da sefa na iya cin riba a takarda, ya tafka asara wurin canji.

Na uku, ladan masu kula da asusu: kashi 2 cikin ɗari kowace shekara na cinye kusan sulusin dukiya cikin shekara 20. In kwanduna biyu iri ɗaya ne, mai arahar lada shi ne abin zaɓe.

Wanda ya fi son zama cikin sefa, ya nufi kasuwar BRVM ta Abijan, ta hannun dillalin da hukumar AMF-UMOA ta amince da shi. Uwar kuɗin sana'a kuwa a bar ta a rumfa: rarar da za ta iya jiran shekaru ita ake zubawa.