Yaro Ba Ya Mantawa, Ajiyewa Yake Yi

Akwai wata magana da manya kan yi idan masifa ta afka wa yaro: "Ai yaro ne, zai manta." Magana ce mai sanyaya ran iyaye, amma ba ta da tushe, kuma malamin da ya shiga aji da ita zai cuci ɗalibansa ba da saninsa ba.

A daren 26 ga Fabrairu, 2021, 'yan bindiga suka shiga makarantar kwana ta 'yan mata da ke Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, suka kora ɗalibai cikin daji. An sako 279 ranar 2 ga Maris. A watan Agusta aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, sannan ranar 1 ga Satumba aka kwashe ɗalibai 73 daga sakandaren Kaya a Maradun. Da suka dawo an yi murna, an ɗauki hotuna, aka watse. To amma yarinyar da take da shekara 13 a daren Jangebe, a 2026 take cika 18, shekarun aure ko shiga kwaleji. A wannan gaɓa ce abin da aka ɗauka ya wuce yakan taso. Ballantana dubban yaran da ba a taɓa jin labarinsu a rediyo ba, waɗanda suka ga an kashe uba a gona ko suka girma suna kwana a daji.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Idan yaro ya tsorata, jikinsa kan fitar da sinadaran da ke shirya shi ga gudu ko kare kai. Idan tsoron ya zama na kullum, sai ƙwaƙwalwar da ba ta gama ƙosawa ba ta saba da zaman ɗar-ɗar, har ta kasa bambance haɗari da ƙarar babur. Binciken da Felitti da Anda suka jagoranta a Amurka, wanda aka fara bugawa a 1998, ya gano cewa waɗanda suka sha wahala iri huɗu ko fiye a ƙuruciya sun ninka sauran fiye da sau 4 wajen kamuwa da ciwon damuwa, sun kuma ninka su kusan sau 12 wajen yunƙurin kashe kai. Haka nan masana sun ƙiyasta cewa rabin cututtukan ƙwaƙwalwa kan soma kafin shekara 14, duk da cewa galibi sai an zama saurayi ko budurwa ake gane su.

A ƙasar Hausa matsalar takan ɓuya a bayan kyawawan ɗabi'u. Yarinyar da ta daina magana sai a yaba kunyarta, yaron da bai yi kuka ba a ce jarumi ne. Ranar da ya soma rashin barci, ko zafin rai, ko shan ƙwaya, sai a ce ya lalace, ko kuwa iska ce ta taɓa shi. Haƙuri abin yabo ne, addu'a ma wajibi ce, sai dai ba su hana zuwa asibiti ba. Ga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware ta jihar Sakkwato, ga kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958.

Wani zai ce malami ba likita ba ne, kuma ajin ɗalibai 80 ya ishe shi wahala. Gaskiya ne. Amma Emmy Werner, wadda ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai, ta tarar da cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka tashi cikin ƙunci sun girma lafiya lau, kuma abin da ya fi yawa a tarihinsu shi ne samun babba guda da ya tsaya musu, sau da yawa malami. Ba a nemi malami ya ba da magani ba. An nemi ya lura da ɗalibin da ke zabura idan an buga ƙofa, ya ajiye bulala, kada ya tilasta masa ba da labari a gaban aji, ya kuma sanar da iyaye da malamin ba da shawara tun abin bai yi nisa ba.