Tsofaffin Shirye-shiryen Kiɗa na Talabijin da Kunnen Ɗalibin Harshe

Ranar 1 ga Janairu 1964, daga wani tsohon coci da aka mayar ɗakin ɗaukar shiri a birnin Mancesta, gidan talabijin na BBC ya fara watsa wani shiri mai suna Top of the Pops. Tsarinsa ba shi da wuya: kowane mako a gayyato mawaƙan da faya-fayansu suka fi kasuwa, su hau dandali a gaban matasa masu rawa, sannan a rufe da waƙar da ta zo ta ɗaya. An yi zaton ƴan makonni zai yi, sai ga shi ya shekara arba'in da biyu, bai daina fitowa mako-mako ba sai ranar 30 ga Yuli 2006. Tun 2011 tashar BBC Four take maimaita tsofaffin fitowarsa bi da bi, gutsattsarinsu kuma suna nan birjik a YouTube, inda duk mai wayar hannu a Yamai ko Damagaram zai iya kaiwa gare su.

Galibin masu kallon waɗannan shirye-shirye a Ingila dattawa ne da ke begen ƙuruciyarsu. Ɗalibin kimiyyar harshe a Nijar ba shi da wannan bege, domin bai san zamanin ba, bai kuma san ƙasar ba. Duk da haka ya kamata ya zauna ya kalle su da alƙalami a hannu. Da wuya a samu wata taska da ta tara muryoyin mutane masu yawa haka, kowace da ranarta da shekararta, tsawon shekaru arba'in, a kan wani al'amari da yake tsakiyar ilimin walwalar harshe: yadda mutum yake sauya furucinsa don ya yi kama da waɗanda yake so a ɗauke shi ɗaya daga cikinsu.

Wanda ya fara nuna hanyar shi ne Peter Trudgill, masanin karin harshe ɗan Ingila. A littafinsa On Dialect na 1983 akwai babi a kan furucin mawaƙan pop na Birtaniya. Kowa ya daɗe da lura cewa saurayin Liverpool ko na Landan, da zarar ya buɗe baki zai rera waƙa, sai ya koma kamar Ba'amurke. Trudgill bai tsaya ga lura ba, ya ƙirga. Ya ware wasu sautuka da suka bambanta Ingilishin Ingila da na Amurka: furta /r/ a ƙarshen gaɓa, kamar a kalmomin "car" da "girl", inda yawancin mutanen Ingila ba su furta ta, sassauta /t/ tsakanin wasula biyu har ta yi kusa da /d/, miƙe tagwan wasali na kalma irin "my" ya koma dogon wasali guda. Daga nan ya bi faya-fayan ƙungiyoyi irin su Beatles da Rolling Stones, faifai bayan faifai, yana lissafa sau nawa aka yi furucin Amurka a wuraren da zai yiwu a yi shi.

Abin da ya samu game da Beatles ya cancanci a tsaya a kansa. A faifansu na farko, na 1963, sun furta waccan /r/ a kusan rabin wuraren da take iya fitowa, alhali karin garinsu ba ya furta ta sam. Zuwa ƙarshen shekarun 1960 ta kusa ɓacewa daga bakinsu. Tsakanin waɗannan shekaru biyu duniyar kiɗa ta juya. Ranar 9 ga Fabrairu 1964 Beatles suka fito a shirin Ed Sullivan a Amurka, mutane wajen miliyan 73 suka kalle su, kuma daga lokacin mawaƙin Ingila ya daina jin cewa dole sai ya ari bakin wani kafin a saurare shi. Waƙoƙinsu ma suka koma maganar tituna da mutanen garinsu. Da darajar mai magana ta hau, sai furucin aro ya sauka. A ƙarshen shekarun 1970 kuma mawaƙan punk suka karkata wani ɓangaren, suna cusa hamza a madadin /t/ da sauran alamun karin talakawan Landan, har da waɗanda ba a cikin wannan kari suka tashi ba.

Akwai wani abu mafi daɗi a binciken. Kiɗan da matasan Ingila suke kwaikwayo ya samo asali ne daga kudancin Amurka, musamman daga baƙaƙen fata masu blues, waɗanda su kansu galibi ba su furta /r/ a ƙarshen gaɓa. Ashe ba wani kari na haƙiƙa mawaƙan suke bi ba. Hoton Ba'amurke ne da suka zana a zukatansu, suka haɗa shi daga sassa daban-daban. Shi ya sa wani lokaci suke wuce gona da iri, su sa /r/ a kalmar da babu Ba'amurken da zai sa mata. Duk ɗalibin da ya taɓa jin Bahaushe yana ƙoƙarin furta /p/ ta Faransanci har ya kai ta inda /f/ ya kamata ta zauna, ya san wannan ciwo. Gyaran da ya zarce iyaka shaida ce mai ƙarfi, domin tana tona abin da mai magana yake zaton shi ne daidai.

To, in faya-fayai sun wadatar da Trudgill, me talabijin ya ƙara? Ya ƙara magana. A faifai waƙa kaɗai ake ji. A shirye-shirye irin su Ready Steady Go! na tashar ITV, wanda ya gudana daga 1963 zuwa 1966, ko The Old Grey Whistle Test na BBC, daga 1971 zuwa 1988, mai gabatarwa yakan tsayar da mawaƙi su yi hira kafin waƙa ko bayanta. Baki ɗaya, rana ɗaya, ɗaki ɗaya: a hira karin garinsu, a waƙa karin aro. Mai bincike a fili yakan sha wahala kafin ya samu mutum guda yana amfani da salo biyu a cikin mintoci biyar, ga shi nan an ajiye masa. Ban da haka akwai muryoyin masu gabatarwa kansu, waɗanda suke nuna yadda Ingilishin da BBC ta yarda a ji a tasharta ya sassauta daga shekara zuwa shekara har karin yankuna ya samu shiga. Akwai kuma tarihin kalmomin da aka haramta. A Janairu 1967 masu shirin Ed Sullivan suka sa Rolling Stones sauya kalmomin wata waƙa kafin su rera ta. A Satumba na wannan shekara ƙungiyar Doors ta ƙi sauya kalma guda, ba a sake gayyatarta ba. Mai nazarin kalmomin kunya da na sakaya zance zai ga inda wata al'umma ta ja layi, da shekarar da layin ya gusa.

Ɗalibin da ya yi karatunsa da Faransanci yana da wata ƙofar kuma. A farkon shekarun 1960 talabijin na Faransa yana da shirin matasa mai suna Âge tendre et tête de bois, inda mawaƙan da ake kira yéyé suke fitowa. Su ba furuci kaɗai suka ara ba, har da suna: Jean-Philippe Smet ya zama Johnny Hallyday, Claude Moine ya zama Eddy Mitchell, Hervé Forneri ya zama Dick Rivers. Yawancin waƙoƙinsu na farko na Amurka ne da aka sa wa kalmomin Faransanci. A nan matsalar ta tsarin sauti ce. Ingilishi yana dora nauyi a kan wasu gaɓoɓi ya sassauta wasu, kiɗan rock kuma a kan wannan aka gina shi, Faransanci kuwa gaɓoɓinsa kusan kai ɗaya suke, nauyin yana faɗawa a ƙarshen yanki. Sauraron yadda mawaƙi yake tanƙwara harshensa don ya hau kiɗan da ba dominsa aka yi ba darasi ne da allo ba zai bayar da irinsa ba.

Akwai masu suka, kuma ba a rasa gaskiya a bakinsu ba. Na farko za su ce waƙa ba magana ba ce, ilimin walwalar harshe kuwa tun zamanin William Labov maganar yau da kullum yake nema, wadda mutum yake yi ba tare da ya sa wa bakinsa ido ba. Haka ne. Wanda yake son sanin yadda mutanen Liverpool suke magana a kasuwa a 1964 kada ya nemi amsa a waƙar Beatles. Sai dai tambayar a nan daban take: wane kari ne yake da daraja a idon wa, kuma yaushe darajar ta sauya hannu? Ga irin wannan tambaya, furucin da aka zaɓa da gangan ya fi na sakaci amfani.

Na biyu za su ce a Top of the Pops sau da yawa mawaƙa ba rerawa suke yi ba, leɓe kawai suke motsawa a kan sautin da aka riga aka ɗauka. Wannan ma gaskiya ne, har ƙungiyar makaɗan Birtaniya ta yi rigima a kansa a 1966. Abin da ya wajaba a kan ɗalibi shi ne ya tantance kowane gutsure kafin ya ƙirga, ya san ranar da aka ɗauki muryar, kada ya ruɗe da ranar da aka nuna hoton. Tantance tushe aikin kowane mai bincike ne.

Suka ta uku ta fi nauyi: abin da ake nunawa yau tatacce ne. Maimaicin BBC Four daga fitowar 1976 ya fara, kuma bayan da asirin Jimmy Savile ya tonu a 2012 game da cin zarafin yara, an daina nuna fitowar da ya gabatar. Dalilin a fili yake, amma sakamakonsa shi ne mai kallo yana ganin tarihi da giɓi. Babban giɓin ma ya girmi wannan. Me ya sa aka fara daga 1976? Domin mafi yawan abin da ya gabata babu shi. Kaset ɗin bidiyo na wancan zamani yana da tsada, sai BBC ta riƙa goge tsohon shiri tana ɗaukar sabo a kansa, ba ta kafa ƙa'idar adanawa ba sai 1978. Daga shekarun 1960 ƴan fitowa ƙalilan ne suka tsira cikakku. Ranar 16 ga Yuni 1966 Beatles suka je ɗakin shirin da kansu, abin da ba su saba yi ba, kuma kaset ɗin wannan rana an goge shi. Wani wasan David Bowie na Janairu 1973 sai a 2011 ya sake bayyana, saboda wani mai ɗaukar hoto ya ajiye kwafinsa a gida. Faransa ta kafa hukumar INA a 1975 don adana abin da rediyo da talabijin suka watsa, shi ya sa mai neman mawaƙan yéyé yau yake da inda zai dosa.

Wannan suka ba ta rushe amfanin kallon ba, ta dai ƙara masa darasi, kuma darasin ya shafi gida kai tsaye. Waɗanda suka goge kaset a Landan ba mugaye ba ne. Sun ɗauka kiɗan matasa abin banza ne da ba wanda zai nema bayan mako guda. Télé Sahel ta shekara fiye da arba'in tana ɗaukar makaɗa da mawaƙa, daga bukukuwan matasa zuwa gasar Dan Gourmou, gidajen rediyo da talabijin masu zaman kansu su ma sun tara nasu. Kaset ba ya jure zafi da ƙura, na'urorin da ke karanta shi kuma suna ƙarewa a duniya. Muryar da ke ciki ba ta da kwafi a bakin kowa, domin masu ita da yawa sun riga mu gidan gaskiya, jikokinsu kuma ba haka suke magana ba.

Hanyar Trudgill tana jiran wanda zai gwada ta a nan. Hausar yamma, irin ta Adar da Gobir, tana cewa "sunka zo" inda Kano take cewa "suka zo", tana cewa "gidanai" da "matatai" inda daidaitacciyar Hausa take da "gidansa" da "matarsa", tana da "hw" a inda wasu suke da "f". Waɗannan abubuwa ne da ake iya ƙirgawa. Finafinan Kano da waƙoƙinsu sun cika kasuwannin Maraɗi da Tawa shekaru da dama. Shin mawaƙin zamani ɗan Tawa yana riƙe "sunka" a hira ya sake ta a waƙa? Shin yana wuce gona da iri wajen kwaikwayon Kananci, yadda ɗan Landan ya yi da /r/? Shin akwai shekarar da abin ya juya, mawaƙa suka koma alfahari da karin garinsu? Ra'ayi a kan wannan kowa yana da shi a majalisa. Amsa kuwa sai an jera waƙoƙi da hirarraki bisa shekarunsu an lissafa, kuma hakan ba zai yiwu ba sai abin da aka ɗauka jiya yana nan.

Saboda haka aiki biyu ne a gaban ɗaliban sashen harshe. Na farko, su ɗauki mawaƙi guda daga tsofaffin shirye-shiryen Ingila ko Faransa, su zaɓi sauti guda, su ƙirga shi a hira da waƙa a shekaru uku ko huɗu mabambanta, don hannu ya saba da aikin a inda aka riga aka san amsa. Na biyu, malamai da ɗalibai su nemi izinin shiga ɗakunan ajiyar gidajen rediyo da talabijin na jihohinsu, su rubuta abin da ke ciki da ranar ɗaukarsa, su taimaka a juye shi zuwa kwamfuta. Kundin digiri guda da ya yi wannan a Maraɗi ko Damagaram zai amfani masu bincike na shekaru hamsin masu zuwa.